Zafi Na Cinye Ƙarfin Gona, Gwamnati Na Ƙirga Buhunan Taki

Wanda ya taɓa hawa tsaunin Mambila a Jihar Taraba ba ya buƙatar a gaya masa cewa ƙasar can daban take da ta Zamfara. A hanyar Gembu, inda aka tsaga tudu don titi ya wuce, ana ganin saman ƙasar ya yi duhu, ga laushi ga danshi, saiwoyin ciyawa sun saƙe shi, sai can ƙasa-ƙasa ja ya bayyana. A jigawar Bukkuyum kuwa, in manomi ya dumbuzi ƙasar gonarsa a watan Afrilu, rairayi ne zai cika masa hannu, ja-ja ko fari-fari, ya tsiyaye ta tsakanin yatsu, ga zafin da ba ya bari a daɗe ana riƙe da shi.

Duhun nan na ƙasar Mambila shi ne masana ke kira kabon ɗin ƙasa: ragowar ganye da saiwa da ciyawa da kashin dabbobi waɗanda suka fara ruɓewa ba su ƙarasa ba, suka kwanta shekara da shekaru. Abu biyu ne suka tara shi. Ruwan sama mai yawa yana tsirar da ciyawa ba ƙaƙƙautawa, sanyi kuma yana hana ta saurin ruɓewa. Mambila na bisa tsawon kimanin mita 1,600 daga teku, ƙololuwar Chappal Waddi da ke yankin, wadda ta fi ko'ina tsawo a Najeriya, ta kai mita 2,419. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi kan ragu da wajen digiri 6 da rabi. Anka da Gummi da Bukkuyum kuwa da 'yan ɗaruruwan mitoci kawai suka ɗara teku.

An daɗe masana kimiyya na tambayar abin da zai sami wannan ajiya ta tsaunuka in duniya ta ƙara ɗumi. Amsar da suke samu ta shafi manomin yammacin Zamfara fiye da yadda ake zato, domin abin da ake fargabar zai faru a kan tsauni shi ne halin da gonarsa ke ciki tun kaka da kakanni, kuma yanzu ƙaruwa yake yi. Ƙasar da ba ta da sanyin da zai tsare mata abincinta ba ta da madogara sai abin da aka mayar mata kowace shekara. Don haka duk manufar noma da ta tsaya kan yawan tirelolin takin zamani da aka raba, ba ta tambayi abin da ya rage a cikin ƙasar da za a zuba shi ba, rabin aiki ta yi.

Yadda abin ke gudana ba shi da wuyar ganewa. Ƙasar noma cike take da masu rai. Cokalin shayi guda na ƙasa mai kyau kan ɗauki bakteriya har biliyan guda, ban da funfuna da tana da ƙananan ƙwari. Su ne ke cin ganyen da ya faɗo da saiwar da ta mutu, su saki sinadaran da shuka ke sha, su kuma fitar da iskar kabon dayoksaid kamar yadda kowane mai numfashi ke yi. Zafi yana ƙara musu kuzari. A ƙiyasin da aka saba aiki da shi, in zafi ya ƙaru da digiri 10, saurin ruɓewa kan ninka sau biyu. Kowace uwargida ta san wannan ba tare da ta shiga aji ba: tuwon da zai kwana lafiya lau a hunturu a ɗumama shi da safe, shi ne zai yi yami kafin gari ya waye a bazara.

Girman ajiyar shi ya sa duniya ta damu. Mita ɗaya na saman ƙasar duniya na riƙe da kabon kimanin tan biliyan 1,500, wanda ya zarce na sararin sama da na dukan tsirrai in an haɗa su. In ɗumi ya sa ƙasa ta saki ko kaso kaɗan na wannan, iskar da ta fita za ta ƙara ɗumama duniya, ɗumin kuma ya ƙara sa ƙasa ta saki wata.

An gwada abin a aikace, ba a kan takarda kawai ba. A dajin Harvard da ke Amurka, tun 1991 Jerry Melillo da abokan aikinsa suka binne wayoyin lantarki a ƙasa, suka riƙa ɗumama ta da digiri 5 fiye da ta gefenta. Da suka fitar da sakamakon shekara 26 a 2017, filayen da aka ɗumama sun rasa kashi 17 cikin 100 na kabon ɗin da ke santimita 60 na sama. A tsaunukan Alps na Jamus ba a binne waya ba, yanayi ne da kansa ya yi aikin. Jörg Prietzel da tawagarsa sun koma dazuzzukan da aka taɓa auna ƙasarsu tun daga shekarun 1970, suka sake aunawa, suka bayyana a 2016 cewa saman ƙasar ya rasa kusan kashi 14 cikin 100, kuma ɗumamar yanayi suka fi zargi.

Gwajin da ya fi ɗaukar hankali a tsaunukan Andes na ƙasar Peru aka yi shi. A kwarin Kosñipata, inda daji ya hau daga gindin Amazon har bisa mita 3,000, Andrew Nottingham da abokan aikinsa sun bi ƙasar da aka yanko da turɓayarta da komai daga saman tsauni aka sauko da ita wuri mai zafi, wata kuma aka haura da ita. Bayan shekara 5, duk digiri ɗaya na ƙarin zafi ya tafi da kimanin kashi 4 cikin 100 na kabon ɗin ƙasar.

Masana ba su gama muhawara kan adadin da duniya za ta rasa ba, kuma da dalili. A wasu tsaunuka ɗumi na tsawaita lokacin tsiro, itatuwa na ƙara hawa sama, suna zubar da ƙarin ganye. Laka kuma tana damƙe kabon ta ɓoye shi daga masu cinsa fiye da yadda rairayi ke yi. Amma akwai wani zato da ya daɗe yana kwantar da hankali, wai ƙasashe masu zafi sun riga sun saba, ƙarin digiri ɗaya ko biyu ba zai motsa ƙasarsu ba. Wannan zaton ya sha kashi a 2020, lokacin da Nottingham ɗin dai ya fitar da sakamakon ɗumama ƙasar dajin tsibirin Barro Colorado a Panama da digiri 4 na tsawon shekara 2. Iskar kabon da ƙasar ke fitarwa ta ƙaru da kashi 55 cikin 100.

Panama daji ne mai ruwa, Zamfara kuwa damina ce ta wata huɗu zuwa biyar sai dogon rani. Wannan bambancin na da muhimmanci, don bakteriya ba ta aiki a busasshiyar ƙasa komai zafinta. Sai dai rani ba hutu ba ne ga gonar Bukkuyum. Wasu ne ke karɓar aikin.

Na farko gara ce. Manomin da ya bar karan dawa a kwance ya dawo bayan 'yan makonni ya san abin da zai tarar: an lulluɓe karan da ƙasa, in ya taka ya rufta, ciki fayau. A 2022 Amy Zanne da ɗimbin masu bincike sun ajiye gutsattsarin itace a wurare 133 a nahiyoyi 6, suka gano cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi na ninka cin da gara ke yi kusan sau 7, inda na bakteriya da funfuna bai wuce ninki biyu ba. Gara ba abokiyar gaba ba ce zalla. Ramukanta na buɗa wa ruwa hanya, manoma kuma sun san ƙasar suri na da albarka. Amma tana kwashe abin da ya kamata ya bazu a gona ta tara shi wuri guda, kuma zafi ƙarfi yake ƙara mata.

Na biyu wuta ce. Daga Maris zuwa Afrilu hayaƙin sharar gona ke tashi ko'ina. Ana tara ragowar kara da ganyen sabara da kalgo a cinna musu ashana. Tokar na barin ɗan sinadari, amma kabon da naitirojin ɗin da ke ciki sun bi iska cikin minti kaɗan. Abin da ya rage shi ne ƙasa tsirara a watan da zafin inuwa ke haura digiri 40, na saman rairayi kuma ya wuce 50.

Sai ruwan farko ya sauka. Tun 1958 wani masani mai suna H. F. Birch, da ke aiki a Gabashin Afirka, ya nuna cewa in busasshiyar ƙasa ta jiƙe, ƙwayoyin halittar cikinta kan farka lokaci guda, su auka wa abin da suka tarar, su saki naitirojin da iskar kabon masu yawa cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa geron da aka shuka da ruwan fari kan fito shar, wanda ya makara kuma ya tarar an cinye. Yanzu a ɗora wa wannan wani sauyin. Binciken da Christopher Taylor ya jagoranta a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau 3 a yankin Sahel tun daga 1982. Irin wannan ruwa in ya sami gona ba ciyawa ba kara, saman ƙasar yake ɗauka, wato daidai inda ɗan kabon ɗin yake, ya bi kwazazzabai da shi zuwa Gulbin Zamfara da Gulbin Ka. Mutanen Gummi, waɗanda ambaliyar Agustan 2024 ta raba da gidajensu, sun ga launin ruwan da ya shigo musu.

Abin da za a rasa ɗin ma tun asali ba shi da yawa. A 1973 M. J. Jones, wanda ya yi aiki a Samaru ta Zariya, ya tattara sakamakon awon samfurin ƙasa 605 daga yankin sabana na Yammacin Afirka. Matsakaicin kabon ɗinsu kashi 0.68 ne cikin 100. Ƙasar daji a kan tsauni mai sanyi kan ninka wannan sau da dama. Wanda yake son ganin irin ta a Zamfara sai ya gangara fadama. Baƙar lakar da ake noman shinkafa a cikinta a bakin gulbi ita ce ajiyar yankin, sai dai a nan ruwa ne mai gadi ba sanyi ba: ƙasar da ruwa ya kwanta a kai ba ta samun iskar da masu ruɓarwa ke buƙata. Duk fadamar da aka bari ta ƙafe, ana kaftu ana ƙona tattaka shekara bayan shekara, ita ma hanyar jigawa za ta bi.

Me ya sa ɗan wannan kaso ya zama abin magana? Domin a ƙasa mai rairayi shi ne kusan komai. Shi ke riƙe danshi in ruwa ya ɗauke na mako biyu a tsakiyar damina. Shi ke kama sinadaran kamfa da yuriya ya hana ruwa wanke su zuwa inda saiwa ba ta kaiwa. In ya ƙare, manomi ya ce ƙasa ta gaji. Alamomin a bayyane suke: saman gona ya daskare ya zama faƙo, ruwa na gudu a kai ba ya shiga, wuta-wuta ta mamaye dawa, buhun da a da yake isar gona ya koma sai biyu, amfanin kuma bai kai na da ba.

Kakannin manoman yau ba su san sunan kabon ba, amma sun san yadda ake mayar da shi. Ana barin gona saura ta huta shekaru. Ana kwashe takin turke da juji a mangala, jaki ya kai gona tun kafin ruwa. Mafi girma duka, da an gama girbi makiyaya kan sauka a gonaki, shanu su ci kara su kwana a wurin, mai gona ya ba da damin gero ko dawa, a bar masa fili baƙi da kashin shanu. Ciniki ne da kowa ke cin riba, ƙasa ma ta ci.

Rikicin da ya addabi Zamfara fiye da shekara goma ya tsinka wannan igiya, kuma ba a cika lissafa hakan cikin asarar ba. Ana ƙirga rayuka da garuruwan da aka tasa da kuɗin fansa, kuma haka ya kamata. Amma satar shanu ta kwashe har shanun huɗa da tumakin da ke turke a bayan gida. Yardar da ke sa manomi ya kira makiyayi gonarsa ta gushe. Gonakin nesa sun gagara zuwa, jama'a sun taru a manyan garuruwa, na bakin gari kuma ana noma su kowace shekara ba hutu ba taki. Ga tsadar makamashin girki tun bayan cire tallafin mai a 2023, wadda ta ƙara tura mutane ga gawayi da itace, kirya da marke da kaɗanya suna tafiya a buhu. Ga ramukan haƙar zinariya da ke juya ƙasa, ta ciki ta hau, ta sama ta binne.

In akwai mutanen da ba sa buƙatar lacca kan muhimmancin saman ƙasa, to na Anka da Bukkuyum ne. A 2010, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano gubar dalma a ƙauyuka irin su 'Yargalma da Dareta, yara sama da 400 suka rasu. Maganin bai tsaya ga ƙwaya ba. Sai da aka bi gida-gida ana kankare 'yan santimitocin saman ƙasa, ana zuba mai tsabta, kuma ƙauyen Bagega bai sami nasa aikin ba sai 2013. Wannan ɗan siririn saman da ya zama silar mutuwa da ya gurɓata, shi ne dai ke ciyar da jama'a in yana da lafiya.

Hujjar abin da ke aiki ba daga Turai za a nemo ta ba. A Samaru ta Zariya, tun 1950 aka kafa wani gwaji na dogon zango, inda ake noma filaye gefe da gefe: wani ba a sa masa komai, wani takin zamani kaɗai, wani kashin shanu kaɗai, wani kuma a haɗa. Bayan gomman shekaru, filayen da aka dogara da takin zamani zalla sun yi tsami, kabon ɗinsu ya ragu. Waɗanda ake sa wa kashin shanu sun fi riƙe ƙarfinsu, kuma haɗin biyun ne ya fi ɗorewa.

A ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano, Michael Mortimore ya shafe shekaru yana nazarin manoman da ke noma gona ɗaya kowace damina ba tare da ta mutu ba, duk da cunkoson jama'a. Babu wani sirri. Ana shuka wake da gyaɗa tsakanin gero da dawa, a tara harawa a ciyar da awaki da tumaki a turke, a kwashe takinsu a mayar gona, a ƙara da sharar birni, a kuma bar itatuwa tsaye. Kara ɗaya ba ya fita daga gona sai ya dawo ta wata siffa.

Misali mafi girma kuwa yana can ƙetaren iyaka. A farkon shekarun 1980, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo da ke aiki a yankin Maraɗi ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa. Ya lura cewa 'yan tsirrai da manoma ke sarewa duk shekara ba ciyayi ba ne, tohon kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi reshe biyu ko uku mafi ƙarfi aka bari, aka datse sauran, cikin 'yan shekaru itace ya tashi, don saiwarsa ta riga ta yi zurfi. Manoman Nijar suka kira wannan dabara sassaben zamani. Ƙauyuka irin su Ɗan Saga a gundumar Agye suka yi suna da shi. Ƙiyasin masu bincike ya nuna hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, a ƙasar da ruwanta bai kai na Zamfara ba.

Cikin itatuwan nan gawo ne sarki. Yana kaɗe ganyensa da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen kuma ya faɗo daidai lokacin da gero ke buƙatar abinci. Da rani ya yi kore ya sanyaya ƙasar da ke ƙarƙashinsa, dabbobi su taru suna cin 'ya'yansa suna zubar da taki. A yankin da ba shi da tsauni, inuwar itace da rufin kara su ne kaɗai hanyar rage zafin ƙasa da ɗan Adam ke da iko a kai.

Masu suka za su ce wannan maganar mai ƙoshi ce, kuma suna da gaskiya a wani ɓangare. Manomi ba wawa ba ne. Karan da ake ce masa ya bari a gona shi ne darninsa, shi ne itacen girkin iyalinsa, shi ne abincin sansa, kuma kuɗi ne a kasuwa. In ya bari ma, dabbar wani ce za ta ci. Takin gargajiya ba zai taɓa isar kowace gona ba, balle yanzu da dabbobin suka ragu. Kuma Afirka ba ta fama da yawan takin zamani, ƙarancinsa ne ya dame ta. Shugabannin nahiyar sun yi alkawari a Abuja a 2006 cewa za a kai kilo 50 a kowace hekta, har suka sake taruwa a Nairobi a 2024 ba a kai ba. Duk wanda ya ce wa manomin Zamfara ya bar kamfa da yuriya, yunwa yake kira masa. Takin zamani ne ke ƙara yawan kara da saiwar da za su koma ƙasa. Maganar ita ce, tun bayan tashin farashin da ya biyo yaƙin Rasha da Yukren a 2022, kowane buhu ya yi tsadar da ba a zuba shi a ƙasar da ba za ta riƙe shi ba.

Akwai kuma masu zuwa da albishir na kasuwar kabon, wai za a biya manomi don ya adana iska a gonarsa. Sai a yi hattara. Rairayi mai zafi ba ya riƙe kabon da yawa, abin da aka tara a shekara biyar kuma shekara biyu ta sakaci na iya tafiya da shi. Awon da zai tabbatar da adadin na da tsada, dillalan tsakiya kuma su ke fara cin nasu. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin man fetur da kwal da ke ɗumama duniya ba. Shekarar 2024 ta zama mafi zafi tun da aka fara ajiye tarihi, a watan Afrilunta garin Kayes na Mali ya ga digiri 48.5, kuma ba manomin Zamfara ne ya jawo ba. Dalilinsa na kula da kabon ɗin gonarsa shi ne damin da zai ɗaure da kaka. In wani kuɗi ya biyo baya daga waje, ƙari ne.

Abin da ya rage shi ne hukuma ta sauya abin da take ƙirgawa. Zamfara na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, tana kuma cikin shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a Disambar 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Kuɗi da tsari suna nan. Amma rahoton da ke cewa an dasa itatuwa dubu kaza ba ya nuna komai sai an faɗi nawa suka ga damina ta uku. Ya kamata a ɗauki samfurin ƙasa a kowace mazaɓa ta Anka da Gummi da Bukkuyum inda tsaro ya bari, a auna kabon ɗinta, a wallafa, a dawo bayan shekara 5 a sake aunawa. Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Noma ta Bakura da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato na da malamai da ɗaliban da za su iya.

Rabon taki ma sai ya zo da abokan tafiya: irin wake da gyaɗa da waken suya mai yawan harawa, amalanke ga ƙungiyoyin manoma don kai takin turke gona, da tumaki ko awaki ga matan da aka kwashe wa nasu, domin akuyar da ke turke masana'antar taki ce ta gida. Sharar kasuwannin Gummi da Nasarawar Burkullu, in aka tsince leda da batir da kwalba, taki ce da ake bari tana toshe magudanar ruwa. Duk wani zama na sasanta manoma da makiyaya da bai taɓo yadda shanu za su koma sauka a gonaki bayan girbi ba, ya tsallake abin da ya fi haɗa ɓangarorin biyu.

Sai batun mallakar itace, wanda ba ya cin ko sisi. Abin da ya sa sassaben zamani ya bazu a Nijar shi ne manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, ba na gandun daji ba, har gwamnatin ƙasar ta tabbatar da hakan da doka a 2020. Masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum, da hakimansu da dagatansu, na iya shelanta irin wannan: gawo ko kalgon da mutum ya rena a gonarsa shi ke da reshensa da 'ya'yansa, wanda ya sare masa kuma ya biya. Lokacin yin shelar shi ne Janairu da Fabrairu, kafin a wasa adduna a fita sharar gona. Malaman gona kuma su ware fili guda a bakin kowane babban gari, inda mutane ke wucewa ranar kasuwa, a raba shi biyu, a share rabi a ƙone yadda aka saba, ɗaya rabin a bar toho da kara a zuba taki, a sa wa kowanne buhun kamfa daidai da na ɗan'uwansa, a ƙirga dammunan a gaban jama'a shekara uku a jere.